Keken da Ke Bangon Kwarbai

Ranar Laraba aka kira ni Kwarbai,
wai in rufe fuskar wani tsohon gida da tayil.
Na sauke kwalaye, na ɗaura igiya,
na ɗaga kai in auna tsayi,
sai bangon ya gane ni tun ban gane shi ba.

Shekara talatin da huɗu ke nan.
Ina yaron Cindo magini,
ni ne mai tattaka ƙasa,
ƙafafuna jajur har gwiwa,
warin makuba na bi na har cikin barci.

Cindo ba ya zane a takarda.
Yakan tsaya gaban ɗanyen yaɓe,
hannu a baya, goro a kunci,
ya yi shiru har maigida ya fara gyaran murya,
sannan ya zaro guntun cokali daga aljihu
ya shiga bango kamar mai yankan tuwo.

Ka ga dagi ya fito,
wannan kai ya nutse ƙarƙashin wancan,
ka bi shi da ido har ka manta abin da aka aike ka.
Ga takobi a hagun ƙofa.
Ga agogon da ya tsaya ƙarfe huɗu,
har yau bai yarda la'asar ta wuce ba.

Da aka kira azahar ya ba ni tsaron awaki,
ya ajiye cokalin kan tubali.
Kowa ya bar kaza da tsaba ya san sauran.
Can ƙasa, daidai tsayina,
na zana keke.
Ƙafar gaba kamar faifai,
ta baya kamar ƙwan zabo,
sirdin ya karkace yana kallon Kufena.

Ya dawo yana jan carbi.
Na sunkuyar da kai ina jiran ranƙwashi.
Ya daɗe yana dubawa, ya ce,
"Wannan ko Tudun Wada ba zai kai ka ba."
Sai ya lashi babban yatsa,
ya dangwala a kan kambun:
"To, ga ƙararrawa. Kada ka buge mutane."

Yau ga ta nan.
Ruwan sama ya cinye rabin takobi,
zankwaye biyu sun faɗi,
amma ƙararrawar ta zurma, ta yi sulɓi,
yatsun yaran unguwa sun rarake ta,
kowa ya zo wucewa sai ya danna
ya yi ƙarar da bakinsa.
Waɗansu cikinsu yanzu suna da furfura.

Ban zargi Alhaji Mu'azzamu ba.
Gidan ubansa ne, kuma bango na zuba.
Ni ma da tayil na aurar da 'ya'ya uku,
ban taɓa jin ya yi mini gori ba.
Sai dai shi tayil duk fuskarsu ɗaya,
wanda ke banɗakin asibitin Shika
shi ne a ƙofar mai kuɗi.

Wata ɗaliba ta zo daga Samaru,
Lantana take da suna, da kyamara a wuya.
Ta durƙusa gaban keken ta yi dariya,
ta ce, "Baba, wa ya zana wannan?"
Na ce, "Wani yaro ne mara jin magana."

Kwana uku ina aiki.
Na binne dagi, na binne agogo,
siminti na sha, ina jera farare.
Da yammacin Juma'a saura wuri kaɗan,
ina riƙe da na ƙarshe huɗu,
sai wata 'yar mitsitsiya da aka aika sayen maggi
ta ratsa ta ƙarƙashin igiyata,
ta danna, ta ce "girin-girin," ta wuce abinta.

Na je na sami Alhaji a zaure,
na ce kaya sun gaza da guda huɗu,
irin wannan kuwa ya yanke a Sabon Gari.
Ya ce a bari sai an kawo.

Allah Ya yafe mini.
Suna nan ƙarƙashin gadona.